Tagar Ƙwari

Shinkafar maƙwabcina Ilu ta tsone mini ido. Ya ɗure ta a buhuna masu leda da ya sayo Maraɗi, waɗanda iska ba ta shiga, ƙwaro bai taɓa ta ba. Kasuwar Jibiya kowa Ilu, Ilu, alhali na riga shi fara sayar da hatsi.

Na sayo irin buhunan, na ɗura tawa. Duk wanda ya zo sai in soka ƙarfen duba hatsi a buhu in ce, "Ta Ilu ta kai wannan?"

Ranar da na kwance buhunan, gari na tarar a ciki, ƙwari na yawo. Ilu ya shafa hujojin, ya ce, "Alhaji, har taga ka yi masu?"

Har yau 'yan dako in sun gaishe ni sai sun tambayi baƙina, ko suna samun iska.