Uwar Sanyi Ta Rasu da Amana a Cikinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Mai Ƙanƙara na bakin kasuwa yana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da tsofaffin abokan ciniki cewa ya kashe firizarsa, wadda aka fi sani da Uwar Sanyi, ranar Talata da hantsi, a cikin shagonsa, da hannunsa na dama.

A irin wannan takarda an saba cewa mamaci ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. Ita ba ta yi ciwo ba. Wuƙa ce. Mai sanarwa bai yi karatu mai nisa ba, amma bai taɓa sa hannu a kan ƙarya ba, ba kuwa da furfura zai fara ba.

Marigayiya ta shigo shagon shekara talatin da ɗaya da suka wuce, maza huɗu na ɗauke da ita. Fara ce fat a lokacin. Daga baya ta koma launin haƙorin tsoho. Ƙafarta ɗaya ta karye a shekarar da aka haifi Auta, 'yarsa ta ƙarshe, aka tokare ta da bulo, a kansa ta ƙare rayuwarta ba ta yi ƙorafi ba. Murfinta ba ya zama sai an ɗora masa dutse.

Ba ta da surutu. In an kawo wuta sai ta ce "tak", ta girgiza kamar mai gyara zama, ta kama gurnaninta a hankali, "hmmmm", har a sake ɗaukewa. In an ɗauke, ta yi ajiyar zuciya sau ɗaya, ta riƙe abin da aka ba ta. Ita ta ciyar da gida. Ita ta aurar da 'ya'ya uku. Ƙanƙararta aka ɗora a goshin matar gida a ciwon ajalinta. Da kowane shago ya sayi tasa, ciniki ya mutu, Mai Ƙanƙara bai cire ta daga wuta ba. Kullum ya buɗe shago, ya zauna kusa da ita, suna sauraron juna.

Aikinta na ƙarshe shi ya fi kowanne girma. Likita ya gano ciwo a jikin Auta, lokacin ɗanta yana da wata uku a duniya. Aka ce za ta fara wani magani mai ƙarfi, kuma daga ranar da ya shiga jikinta, yaron ya rabu da nononta ke nan. Aka sa rana, sati shida. Auta ba ta tsaya kuka ba. Sai ta shayar da shi, abin da ya rage ta tatse, safe da rana da yamma, har fatarta ta tsattsage. Ta zuba a 'yan ledojin da aka yi don haka, ta rubuta kwanan wata a jiki, ta kawo shago. Mijinta, direban babbar mota, ya ce a sayi sabuwar firiza ƙarama a ajiye a ɗaki.

Auta ta ce, "Ta Baba ba ta taɓa kunyata kowa ba."

Mai sanarwa ya ji, ya kau da kai kamar bai ji ba. Kwana uku ya yi yana jin daɗin maganar.

Tsoho riƙe da nonon 'yarsa abu ne mai nauyi. Bai taɓa kiran abin da sunansa ba, kaya yake cewa, kamar yadda ya saba a sana'a. Mai kayan kuwa, jikansa, ya sa masa suna Manaja, don da safe ake kawo shi, ya duba shago, ya yi wa kowa ihu, ya ci, ya yi barci, ba a taɓa ganin ya ɗaga ko tsinke ba. Tun kafin ranar magani Auta ta fara barinsa a shago don ya saba da kwalba, ita kuma ta koya wa ubanta aikin.

"Baba, ba a ɗora shi a kan wuta. A kwano za ka sa, cikin ruwan ɗumi."

"Na ji."

"Ba a jijjiga shi kamar maganin tari, juyawa ake a hankali. Ka ɗiga a wuyan hannunka kafin ka ba shi. Wanda ya fi daɗewa shi za ka fara ɗauka. Abin da ya sha ya rage, kar ka ajiye masa zuwa anjima."

"Na ji."

"Kuma wanda ya narke ba ya komawa ciki."

"Ke, sanyi za ki koya mini? Ina cikinsa aka haife ki."

Ta yi dariya ta ce, "To Malam Farfesa, a yi haƙuri."

Bai karya ko ɗaya daga cikin dokokin nan ba, a shaida masa wannan. Hannun da ya yi shekara talatin yana fasa ƙanƙara ya koyi gane ɗumi. Manaja yakan kama ɗan yatsansa yana sha, yana hararar sa ta saman kwalba, Uwar Sanyi na gurnani a bayansu. Mai Ƙanƙara bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma tun rasuwar matarsa bai san dalilin buɗe shago ba sai a makonnin nan.

Ranar Litinin Auta ta fara magani. Ranar Talata ya buɗe murfi don ɗauko wadda ta fi daɗewa, yadda doka ta ce. Tana can ƙasa a kusurwa, ƙanƙarar bango ta cije ta. Da ya ɗauki ta sama, da yanzu ba a rubuta wannan takarda ba. Amma an ce a fara da tsohuwa. Ya ɗauko wuƙarsa. Mai gyaran firji ya sha hana shi sa ƙarfe a jikinta, shi kuma ya sha ba shi amsa cewa wuƙar ta girme shi. Sau biyu ya sara daidai. A na uku hannu ya goce.

Kalmarta ta ƙarshe ita ce "fssss". Ta daɗe tana faɗa, kamar ana zare numfashi. Sannan ta yi shiru.

Saran wuƙa kuskure ne. Abin da ya biyo baya hali ne. A tsallaken titi akwai mai shagon lemo, yana da firiza biyu sababbi. Taku ashirin ne. Amma shi ne ya janye masa masu saye, kuma shekara huɗu ba su gaisa ba. Ga waya a aljihu, kira ɗaya zai kawo suruki ko wata daga cikin yayyen Auta. Mai Ƙanƙara bai tsallaka ba, bai kira ba. Ya ce a ransa ya san sanyi. Ya rufe murfi, ya ɗora dutse, ya lulluɓe ta da buhuna da barguna, ya zuba garin katako a gefe, yadda yake riƙe ƙanƙara kwana uku a tsakiyar zafi ba ta zama ruwa ba. Ya aika wa mai gyara, aka ce ya yi tafiya sai Juma'a. Ledojin da ya fitar kafin ya rufe murfi suka ishi Manaja har Laraba. Ranar Alhamis ya aika cewa zazzaɓi ya kama shi, kada a kawo yaro. Wannan ita ce ƙaryar, ga ta an rubuta.

Abin da ya manta shi ne dunƙulen ƙanƙara daban, 'yar leda mai kaurin tafin hannu daban.

Ranar Juma'a mai gyara ya zo, ya yaye barguna, ya ɗaga murfi, ya juya fuska. Ya taɓa ledojin ɗaya bayan ɗaya. Babu ko mai sanyi. Ya leƙa inji, ya ce ruwa ya shiga ta ramin wuƙa, ya gama da shi.

"Baba, wannan sai haƙuri. Me ya hana ka tsallaka titi?"

Mai sanarwa ya sunkuya ya fara tattara ledojin.

Ya je gidan Auta da ƙafarsa. Ya same ta kwance, magani ya kayar da ita. Ya faɗa a tsaye, bai rage komai ba. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki.

"Duka, Baba?"

"Duka."

Ta juya ta fuskanci bango. Ya so a ce zaginsa ta yi.

Kayan bai zuba su a kwata ba. Ya haƙa rami a bayan shago, ya yanka bakin kowace leda ya tsiyaye, ya mayar da ƙasa. A ciki akwai wadda nononta bai wuce yatsa biyu ba, ta ranar da Auta ta yi zazzaɓi, ta tatsa duk da haka.

Marigayiya ta bar bulo ɗaya, dutse ɗaya, da kwanon ɗumama kwalba. Ta bar ledoji wankakku a kan igiya, da rubutun Auta a jikinsu, ba a san me za a yi da su ba. Ta bar wuƙa, wadda ke nan lafiya lau. Ta bar Manaja, wanda kwana biyu ya yi yana ture madarar gwangwani da harshe har muryarsa ta dushe, yanzu yana kurɓa kaɗan yana amayarwa. Ta bar uwarsa, da nono a ƙirji da ba za a sha ba. Ta bar tsoho ɗaya.

Za a fitar da gawa gobe Litinin da hantsi. Masu sayen tsofaffin ƙarafa za su zo da kurar ɗaukar kaya. Ana neman maza huɗu, don su huɗu suka shigo da ita, kada a ja ta a ƙasa. Ba a yi wa ƙarfe salla, mai sanarwa ya san wannan. Mai son yin addu'a ya yi wa Auta da ɗanta. Suruki ya yi maganar sabuwar firiza, an gode, babu abin sawa a ciki. Mai shagon lemo zai iya zuwa ya kalla, ya cancanta.

Ba za a yi zaman makoki ba. Mutum ɗaya ce ta riga ta zo ta'aziyya, yau da safe. Auta ce, tana dafa bango, da Manaja a kafaɗa da gwangwanin madara a jaka. Mijinta ya kama hanya, ita kuma gobe asibiti. Ta dubi firizar, ta dubi ledojin kan igiya, ta miƙo yaron.

"Baba, karɓe shi. Ƙarfe ne ya mutu, kai kana nan. Ko madarar a hannunka zai fi sha."

Manaja ya gane shi, ya miƙo hannu yana neman ɗan yatsa. Mai Ƙanƙara ya dubi hannunsa na dama, ya mayar da shi bayansa, ya riƙe da na hagu.

Ya ce, "Kai shi wurin surukarki. Ba zan karɓa ba."