Kwalbar Injiniya Shu'aibu

"Wai shi Shu'aibu a wace makaranta ya karanta injiniyancin nan?"

Ta bayan katanga Hansatu ta ji maƙwabciyarsu ta yi tambayar, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe. Mijinta ake nufi. Tayoyi yake sayarwa a Bajoga, amma tun ranar da ya taɓa fankar masallaci ta juya sau biyu ta tsaya, ya laƙaba wa kansa Injiniya.

Ruwan burtsatsen unguwar mai tauri ne. Ka goga sabulu har hannu ya yi zafi, kumfa ko ɗigo. Gindin tukunya kuwa sai farin ɓawo. Shi ne Shu'aibu ya sayo na'urar tausasa ruwa, mai gyaran famfo Malam Buba ya haɗa ta a zaure. Hansatu tana bayan ƙofa tana jin bayani.

"Doguwar tukunyar nan cike take da wasu ƙananan ƙwayoyi," in ji Malam Buba. "Su ke kama farar ƙasar da ke cikin ruwan. In sun ƙoshi, ruwan gishirin bokitin nan ya wanke su, su koma aiki. Kai dai naka zuba gishiri."

"Malam, tun kana goye nake wannan harka," Shu'aibu ya ce, idonsa na kan waya.

Sati biyu sabulu yana kumfa kamar an biya shi. Wata Asabar hannun Injiniya ya yi ƙaiƙayi. Ya ɗauko sifana ya kwance murfin, ya leƙa. Ga ƙwayoyi launin zuma, kamar ƙwan kifi.

"Hansatu, zo ki ga dattin da na'urata ta tace."

"Maigida, ba su ne Malam Buba ya ce..."

"Ke da kika tsaya a aji huɗu za ki koya wa Injiniya aiki?"

Ya kwashe su tas, ya cika kwalba ɗaya, sauran ya antaya a kwata.

Washegari kumfa ta yi ƙaura. Da yake damina ce, Hansatu ta koma wanke masa kaya da ruwan saman da take tarawa a randa bayan ɗaki. Shadda ta fito fari fat. Shi kuwa kullum yana majalisa, yana kaɗa kwalba caka-caka.

"Kun ga wannan? Shi ke cikin hanjinku. Ku dubi rigata, ku dubi taku."

Manu tela ya kwana uku yana shafa ciki. Har aka yanke shawarar a damƙa wa Shu'aibu kula da burtsatsen unguwa, abin da ya daɗe yana mafarki. Mai unguwa dai ya ce sai ya gani da idonsa.

Bayan sallar Juma'a zaure ya cika, har da Malam Buba. Hansatu tana leƙe ta kafar ƙofa. Shu'aibu ya naɗe hannun riga, ya tari ruwa a roba, ya jefa sabulu. Cakal-cakal. Ruwa ya yi fari-fari kamar tsinkakken koko.

"Sabulun jabu ne."

Aka kawo sabo. Cakal-cakal-cakal. Gumi ne kawai ya tashi.

"Wataƙila na'urar ma hutun Juma'a take," in ji wani daga baya.

Malam Buba ya rufe ruwan, ya kwance murfi, ya zura hannu har kafaɗa, ya zaro shi wayam.

"Ina ƙwayoyin?"

"Waɗanne ƙwayoyi?"

Sai idon Malam Buba ya faɗa kan kwalbar da ke gaban Mai unguwa. Ya ɗaga ta sama.

"Injiniya, ai ga na'urar taka nan a kwalba. Sauran fa?"

Shu'aibu ya dubi rufi, ya dubi ƙasa. "Suna... kwata."

"To madalla," Mai unguwa ya ce, yana laluben takalmi. "Ashe kwatar gidanka ce ke shan ruwa mai laushi."

"Ni fa?" in ji Manu tela. "Maganin tsutsar ciki sau biyu na sha."

Da zaure ya watse, Shu'aibu ya shigo ya zube kan tabarma. Ya daɗe yana kallon hannun rigarsa.

"To amma ya aka yi take fita fari haka?"

"Ikon Allah, Maigida."

Ta zaga bayan ɗaki ta gyara murfin randa. Can ta ji maƙwabciya tana kiran sunanta ta katanga, murya cike da son labari. Hansatu ta toshe baki da gefen zani har dariyar ta wuce, ta ƙudura ko mahaifiyarta ba za ta ji sirrin randar nan ba.