Yadda Za Ki Ɓoye wa Baba Cewa Manhajar Haya Ce

Tun da aka zuba manhajar zanen gine-gine a kwamfutata, na lura Baba yana rage sautin rediyonsa idan zai gifta ƙofar ɗakina, kada ya dame ta. Idan naki uban ma yana girmama abin da ya ɗauka ya saya miki har abada, alhali hayar shekara guda ce, to ki gyara zama. Matakan nan shida na gwada su da kaina a garinmu Balan, kuma ina ba ki tabbacin za su rufa miki asiri wata goma sha ɗaya da sati uku cif. Ban san wadda ta wuce haka ba, don haka kada ki raina.

Mataki na 1: Ki amsa abin da aka tambaye ki kawai

Kin dawo daga bautar ƙasa da digirin zanen gini, kin ce kina buƙatar manhaja. Baba zai tambaye ki nawa ce. Ki faɗi kuɗin shekara, ki sunkuyar da kai, ki ci gaba da murza bakin mayafinki. Ba zai tambayi na tsawon wane lokaci ba, domin a saninsa keken ɗinki da garma da injin ban-ruwa duk sau ɗaya ake biyan kuɗinsu. Ba ƙarya kika yi ba. Kunya ce, kunya kuwa tarbiyya ce.

Nawa uban, Malam Gwadabe, ranar Juma'a ya kwance ɗaya daga shanun huɗarsa biyu ya kai kasuwar Wudil ya sayar. Da damina ta sauka, sai da ya jira Baffa Yusuf ya gama tasa huɗar, sannan ya aro sa guda ya haɗa da nasa. Gyaɗarmu ta makara da sati biyu. Ki guji bi ta gona a wannan lokaci. Kallon gona yana sa mutum faɗin gaskiya.

Mataki na 2: Ki bari a kira shaidu

Mutumin da ko jaki ba ya saye ba tare da shaida ba, ba zai zubar da kuɗin sa a ɗaki daga shi sai ke ba. Zai shimfiɗa tabarma a zaure, ya kira mai unguwa da Baffa, ya ajiye goro.

Mai unguwa zai so ya san mai sayarwar ɗan gidan wa ne, da kuma inda za a same shi idan rigima ta taso. Ki ce yana nesa. Baffa zai ga doguwar yarjejeniyar Turanci ya nemi fassara. Ki ja ta ƙasa da sauri, shafi talatin a numfashi ɗaya, ki ce suna fatan Allah ya sanya alheri. Mai kamfanin ma bai karanta ta ba.

Ni dai Baba da kansa ya danna wurin amincewa, da babban yatsa, kamar mai dangwala a takardar gona. Aka shafa fatiha. Mai unguwa ya ce ya shaida, daga yau ta zama halaliyar gidan Malam Gwadabe.

Mataki na 3: Idan aka zo maganar gado, ki gyaɗa kai

Zai ce ki riƙa amfani da ita a hankali kada ta cinye, don ƙanwarki Khaula ta tarar da ita da sauran ƙarfi. Ki gyaɗa kai. Khaula tana aji uku a firamare, tana da lokacin da za ta yafe miki.

Mataki na 4: Ki nemo kuɗin baɗi a ɓoye

Dabarar ita ce ki tara na shekara mai zuwa daga aikin hannunki, ki biya ba tare da kowa ya sani ba. Masu son gini kuwa suna nan daga Gaya har Ajingi. Za su zo su ga gida tsaye a allo, su sa ki juya musu shi su ga bayansa, su nemi a ƙara ɗaki, a rage taga don maƙwabta. Bayan awa biyu maigida zai ɗauki hoton allon da wayarsa ya sa miki albarka. Ai ba siminti kika zuba ba, danne-danne ne.

Hoton zai ƙare a hannun magini Mudassir, wanda zai kalle shi a juye, ya ce ya gane, ya shata nasa da ƙafa a ƙasa.

Akwai masu biya, kada in yi musu ƙazafi. Na samu kwanon wake uku da zabi biyu daga Kademi. Na duba shafin biyan kuɗin kamfanin sama da ƙasa, babu gurbin zabi.

Mataki na 5: Ki mayar da saƙonninsu gaisuwa

Daga wata na goma kamfanin zai fara kewarki. Zai sanar da ke cewa don ƙara miki jin daɗi ya raba manhajar gida uku. Ƙaramin tsari yana zana bango. Idan kina son rufi, sai matsakaici. Ƙofar shiga tana babban. Akwai rangwame ga ɗalibai, amma ke kin gama karatu, wato a lissafinsu kin yi arziki. Kuɗin kuma da dala ne, ita dala ba ta kwana inda ta yini.

Sai wani jan rubutu ya fara fitowa a saman allo yana ƙirga kwanaki. Da Baba ya tambaye ni, na ce mutanen ne suke gaisuwa. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce 'yan kasuwa masu zumunci sun yi ƙaranci, in amsa musu, in ce a gaida iyali.

Mataki na 6: Kada mai jin Turanci ya zauna kusa da allo

Wannan ne matakin da ya kayar da ni, don haka ki kula.

Baba ya kawo abokinsa Malam Abdulsalam, tsohon hedimasta daga Ajingi, ya ga zanen ajujuwan Islamiyyar unguwarmu da na yi wata huɗu ina yi. Ya sa na fito da kwamfutar zaure bayan la'asar, yana ta gaya masa yadda aka yi cinikin da sunayen shaidu. Abin da ban sani ba, mutumin da ya shekara talatin da biyar yana koyarwa ba ya iya ganin rubutu bai karanta shi da ƙarfi ba. Ya gyara tabarau, ya karanta jan rubutun, sannan ya fassara shi tsaf kamar yana gaban aji: saura kwana bakwai wa'adin haya ya cika.

Baba ya ce a sake karantawa. Aka sake. Ya tambayi kuɗin sabuntawa, hedimasta ya buga a wayarsa da canjin ranar, ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa. Ya wuce na bara nesa.

Baba bai kalle ni ba. Ya ce, "To, haya ce. Na ji. Ko gonar haya ai ana barin mutum ya kwashe abin da ya shuka. Zane-zanen yarinyar nan fa, Malam?"

Hedimasta ya ƙara matsawa kusa da allo, ya daɗe yana bin layin da yatsa.

"Sun ce suna nan a ajiye, Malam Gwadabe. Amma ba za ta iya buɗewa ba sai an biya."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin shawarwarinta, ko a gida, ko a gona, ko a gaban mai unguwa da ya riga ya shaida. Ba ta karɓar ƙorafi, kuma ba ta da mataki na bakwai. Ta tanadi amsar faɗa, ta tanadi amsar kuka, har ta haddace yadda za ta durƙusa. Ba ta tanadi komai ba ga uban da ya kalli ajujuwan da ke allon na ɗan lokaci, ya miƙe a hankali, ya zura takalmansa, ya bar baƙonsa a zaune ya fita, ya nufi turken san huɗar da ya rage masa.