Hatimin da Na Rataye a Rumbu

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da na jawo wa Malam, mijina, Allah Ya haskaka kabarinsa, a shekarar da motoci suka koma hannun dama. Muna zaune a garin Gwiwa. Sana'arsa zayyana, wato ƙawata littattafai da tawada ja da ɗorawa da kore. Wani dattijo, Liman daga Roni, ya ba shi amanar tsohon littafin kakanninsa ya kwafa, takardu ne warwatse cikin gafaka.

Ni ko alifi ban sani ba, amma ina ji da kaina, matar malam ce fa. Ina shara na ga wata takarda mai gida-gida, baƙi da ja, an kewaye ta da ruwan zinariya. Na ce wannan ai uban hatimi ne! Ɓeraye sun dame ni, sai na naɗe ta a tsumma na rataye a rumbu. (Har maƙwabta na yi wa alfahari.)

Wata guda Malam yana nemanta, tuwo ya ƙi shiga. Yana ta cewa, "Da wane ido zan dubi Liman?" Tsoro ya ɗaure mini baki. Har ƙarƙashin tabarma na taya shi dubawa, Allah Ya yafe mini.

Ranar da Liman ya zo karɓa, na jiyo Malam a zaure yana ta ba shi haƙuri. Na kasa daurewa. Na hau rumbu na sauko da takardar, na je na durƙusa a gabansu. Ashe ɓera ya gutsure gefe ɗaya.

"Allah gafarta Malam, hatimin ne na ara saboda ɓeraye."

Liman ya yi dariya har da share ido da rawani. "Baiwar Allah, wannan allon wasa ne, kamar dara. Shaɗaranji. Ga sarki, ga waziri, ga dawaki, ga talakawa a gaba, kowa da irin takunsa, kamar zaman duniya. In an tashi wasa, jaka ɗaya ake zuba su." Ya duba gutsuren. "Kin gani, sarkin ma suka fara ci."

Malam bai taɓa yi mini faɗa ba, ya zana sabuwa. Sai dai in ya ji motsi a rumbu ya ce, "Malama, hatiminki ya yi sanyi." Yau ɓeraye na motsi, babu mai tsokanata.

Tun daga ranar, in na ga rubutu sai na tambaya. Rumbu kuwa, kyanwa na samo masa.