Ranar Da Na Yi Wa Ilu Lauya

Da can a Agege, in rigimar bashi ta tashi tsakanin mahauta da dillalan shanu, gaban dattawa ake zama. A cire naka, a cire nawa, abin da ya rage a biya, a shafa fatiha. Haka na gani a Akara, haka a Duwala, har Kartum. Yanzu kuwa takarda ake sa wa hannu, kuma takarda ba ta san fatiha ba. Ni ban gane haka ba sai ranar da har gobe ban manta da ita ba.

Abokina Ilu mahauci ya karɓi kuɗi wurin wani dillali, ya dangwala yatsa a takardar alkawarin biya. Kafin wa'adi, motar dillalin ta yi baya ta rushe masa rumfa. Ilu ya ƙi biya, dillali ya kai ƙara. In hukunci ya faɗa kan Ilu, firizar da yake ci da iyali da ita za a ɗauke.

Ya ce zai nemi lauya. Na ce, "Lauyan me, ina raye?" (Harshe biyar gare ni, kuma a lokacin ina jin kowanne digiri ne.) Na koya masa amsa ɗaya: ba a bin sa komai, rumfa ta cinye bashi.

Ranar zama na sha babbar riga har da turare. Alƙaliyar, wata Bayarabiya mai tabarau, ta tambayi Ilu ko yatsansa ne a takardar. Ya ce nasa ne. Ya biya? Sai ya waiwayo ni. Na miƙe ba wanda ya kira ni, na zuba Turanci, na haɗa da Larabci, har na kawo misalin yadda ake yi a Duwala.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce da Yarbanci, a hankali, "Baba, ku lauya ne?"

Na ce a'a.

"To ku zauna, in gaya wa abokinku." Ta ce kariya ita ce ya nuna takardar ba ta hau kansa ba: ya biya, ko yatsan ba nasa ba ne, ko tilasta shi aka yi. Rumfa kuwa ƙara ce tasa ta kansa a kan dillali, sai ya shigar da ita a rubuce, da shaidu, a saurare su tare. Ba a shigar ba, don haka babu rumfa a gabanta.

Na zauna, rigar nan ta yi mini nauyi kamar jiƙaƙƙiya. Allah Ya sa ta ɗage zaman don ya nemi lauya.

A motar danfo, kan hanyar gida, na kasa kallon Ilu. Na ce, "Ilu, saura kaɗan in raba ka da firiza."

Ya ce, "Alhaji, ni tun da ka shiga Larabci na san mun ɓata. Amma da ba ka zo ba, wa zan waiwaya?"

Lauyar da ya samu ta shigar da ƙarar rumfar, firiza ta tsira. Tun ranar, duk wanda ya kawo mini takarda, rakiya nake yi masa, ba na ba da fatawa.