Zauren Ustaz Abdussalami a Shabaka

Duk wanda bai san Ustaz Abdussalami ba, to bai san ilimi ba, ko kuma bai taɓa shiga motar zuwa garin Rusairis ba, don a cikinta yake fara lacca tun direba bai tada inji ba. Shi ne shugaban ɗakin karatu na wata ƙaramar kwalejin noma a bakin kogi. Ɗalibai suna kiransa Sarkin Shabaka, wato intanet, shi kuma yana amsawa da fara'a. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Wata shekara aka tura shi kwas Khartum. Can ya ga yadda manyan jami'o'i ke yi wa ɗalibai jagora a intanet: kowane fanni da shafinsa, kana dannawa littattafai da mujallun da kake nema su fito. Ya dawo da sabon tabarau, rawaninsa ya ƙara tudu.

"Ya jama'a, na ga nasu," in ji shi a wurin mai shayi. "Tamam ne, amma babu tarbiyya. Mutum shi faɗo ma littafi haka nan, ba sallama? Mu jikokin waɗanda sunka taso daga Sakkwato ne, ba a shiga gidanmu sai ta zaure!"

Haka kuwa ya gina nasa. Shafin farko sallama ce, da hotonsa ya dafa taswirar duniya. Ka danna, a tambaye ka gida da gajiya da ruwan damina. Ka amsa lafiya lau, sai tarihin kakanninsa, kowanne da kirarinsa. Shabakar kwalejin kuma tafiyar hawainiya take yi. Hoton kan fara fitowa daga rawani, kafin a kai gemu an ɗauke wuta.

Wadda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya ita ce Sharifa, 'yar ajin ƙarshe daga wani ƙauye kusa da garin Dinder. Bincike take rubutawa kan tsutsar da ke cin riɗi, malaminta kuma ya ce in ba ta kawo littattafan da ta dogara da su ba kafin ƙarshen wata, sai ta maimaita shekara. Kullum tana gaban kwamfuta tana amsa gaisuwa, baiwar Allah. Ta haddace kakannin Ustaz fiye da nata.

Ranar ƙaddamarwa aka hayo janareta, aka gayyato shugaban kwaleji. Ustaz ya fesa turare har ƙudaje suka yi ƙaura. Aka haska shafin a bango, jama'a suka amsa sallama baki ɗaya, aka sha lafiya lau, aka ratsa kakanni. Sharifa ta gyara zama don murna, yau dai za ta ga ƙarshen hanya. Aka danna "Noman Riɗi". Layi guda ya fito: "Don littattafan wannan fanni, a tuntuɓi Ustaz Abdussalami."

Ta miƙe tsaye. "Ya Ustaz, to ga ni, na tuntuɓe ka. Wane littafi zan karanta?"

Ya dube ta ta saman tabarau, cike da tausayi. "Ɗiyata, wanga zamani ba a tambayar mutum. Ki koma ki duba cikin shabaka."

Sharifa ta sulale kan kujera, ta ga shekara guda ta tafi a banza. Shugaban kwaleji ya ƙware da shayi, aka shiga bubbuga masa baya. Da Ustaz ya ji ƙarar, sai ya dafa ƙirji ya rusuna, ya ɗauka tafi ne.