Sandunan Fatsa a Ƙarƙashin Dabinon Badr

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis da na kai Dakta Sanusi bakin teku ba. Abin da na fita da shi daga Madina ran nan ga shi: mota ɗaya da nake neman rabuwa da ita, sandunan fatsa uku waɗanda ba nawa ba, sai kuma sunan da na daɗe ina tarawa, cewa kayan da na ɗaure da hannuna ba sa fashewa.

Sunan nan ba a banza na same shi ba. Da ɗaurin kayan alhazai na fara neman abinci a garin nan. Hajiya za ta sayi kofunan shayi da kwalaben turare da agogon bango ta kawo mini, in naɗe su cikin darduma ko kafet, in ɗaure tamau, su isa Kano ko tsagewa babu. Aikin ya bar mini ɗabi'a biyu a hannu. Ta farko, duk abu mai rauni cikin kafet yake shiga. Ta biyu, in ana lodin mota, naɗaɗɗen kafet a ƙasa yake kwana a jera kwalaye a kansa, tunda shi ba ya jin nauyi. Kowacce daidai take in tana ita kaɗai. Ban taɓa tunanin ranar da za su haɗu ba.

Daga baya Allah ya buɗa, na koma dillancin motoci, na kama ɗan ofis a unguwar Sultana. A shekarun da wayar hannu ta fara yawa a hannun mutane ne na sayi wata karafan, wato mota mai ɗaki a bayanta, da gado da kabad da wurin girki. Wani baƙo ne aikinsa ya ƙare a garin Yanbu yana saurin tafiya, na same ta da araha, na dawo ina jin na yi dabara. Sai ta zauna. Kowa ya zo zai shiga, ya buɗe kabad, ya kwanta a gadon, ya ce masha Allah, ya tafi. (Maiɗakina ta sa mata suna gidan haya marar ɗan haya.)

Dakta Sanusi likitan yara ne, mutumin Zariya, yana zaune a unguwar Aƙiƙ a nan Madina. Mutum ne marar hayaniya, ba ya ciniki da ihu, kuma ba shi da wani abin shagala a duniya sai kamun kifi. Ya zo ya duba motar, ya sake dawowa, sannan ya ce yana so, amma sai ya ga yadda take a hanya. Abokansa za su Rayis, bakin teku gaba da Badr, a ƙarshen mako. Na ce ni zan tuƙa, man ma nawa. A raina na riga na gama sayarwa.

Da safe na isa ƙofar gidansa, ya fito da sandunan. Biyu nasa ne. Ta ukun doguwa ce siririya wadda ba a raba ta biyu, ta abokinsa Injiniya Bala, wanda ya yi gaba a ƙaramar mota da ba za ta ɗauke ta ba. Dakta ya cire ƙugiyoyin da kekunan naɗe zare ya zuba a akwati daban. Sannan ya jawo wani dogon bututun ruwa na roba, mai murfi a kowane baki, an cusa soso a ciki. Ya ce a nan yake zura su, kuma yana so a rataye bututun a sama, jikin rufin ɗakin, inda babu abin da zai taɓa shi. Kusoshi huɗu kawai za a ɗaura.

Kusoshin nan ne suka tsaya mini a wuya. Ba a huda motar da ba a biya ba, wannan ko a barci na san shi. In ya fasa saye fa? Na ce masa in an ajiye bututun a ƙasa kuma zai yi ta gangara yana bugun kabad, a bar shi a gida kawai. Na janyo babban kafet ɗin da muke shimfiɗawa in mun fita, na jera sandunan, na naɗe su a hankali, na ɗaure da igiya wuri uku, na kwantar a tsakiyar ɗakin. Ya tsaya yana kallo, bututunsa a hannu.

"Dakta," na ce, "kai ka san cikin yara, ni na san kaya. Saki ranka."

Ya mayar da bututun cikin gida.

Tafiya ta yi daɗi. Na nuna masa yadda take hawa tudu ba ta tari, yadda na'urar sanyi ke aiki, ya yi ta gyaɗa kai. Da muka isa Badr ya ce in tsaya zai nemo ƙanƙara da jatan lande na sa wa ƙugiya. Yana tafiya sai ga Usta Bashir, wani Bahaushen Sudan da na sani tun zamanin ɗaurin kaya, yana kula da wata gonar dabino a nan. Lokacin girbi ne. Bayan gaisuwa ya gaya mini motar da za ta kwashe masa kaya ba ta zo ba, ga kwalayen dabino jibge a rana, duk wanda zai ɗauka yau zai ba shi yadda ya samu. Ya leƙa cikin karafan ya ce, "Ya shaikh, mota duk wannan girma, fanko?"

Wanda bai taɓa kasuwanci ba ba zai gane zafin wannan magana ba. Ni in na ga mota tana tafiya babu kaya, ji nake kamar an bar famfo a buɗe. Ya faɗi farashi, na yi lissafin abin da kwali ke yi a Madina, kafin in ankara ma'aikatansa biyu sun fara miƙowa. Ɗaya ya tambaye ni ina za su fara jerawa. Da bakina na ce su fara kan kafet ɗin can. Ba wanda ya matsa mini. Hannu ne ya yi aikinsa na da, kai yana can yana ƙirga riba. Da suka gama har na hau na danna da gwiwa, in tabbatar lodin ya zauna. (Ya zauna kuwa.)

Dakta ya dawo ya shiga gaba, labule na tsakaninmu da ɗakin. Ya shaƙi iska ya ce yana jin ƙamshin dabino. Na ce ɗan tsaraba ne na ɗauka. Muna fita gari muka taka wani tudun rage gudu da ban gani da wuri ba, motar ta yi sama ta dawo, sai muka ji ƙas, ƙas daga baya. Ya tambayi mene ne. Ko juyawa ban yi ba, na ce ƙofar kabad ce, sakatarta ta ɗan saki, zan gyara kafin in miƙa masa makulli. Na ma ƙara da cewa duk irin motocin nan haka suke.

A Rayis mun tarar Injiniya Bala da abokansa biyu sun kafa rumfa. Gawayi ya kama, shinkafa na kan wuta, an yanka albasa da lemun tsami, ga mai a kasko. Komai ya haɗu, kifi kawai ake jira. Injiniya ya taho yana murza hannu, yana ce wa sauran yau za su ga aikin sandarsa. Dakta kuma ya gabatar da ni da cewa wannan shi ne Alhajin da ya gaya musu, gwanin ɗaurin kaya.

Na buɗe ƙofar ɗakin. Sai da na ga bakin kafet ya leƙo daga ƙarƙashin kwalayen sannan na tuna.

Muka jera kamar masu sauke bulo, ina miƙawa suna karɓa, har dabino ya yi tsibi a kan yashi. Ni na kwance igiyar, ni na warware kafet ɗin, domin babu wanda zan ɗora wa. Na Dakta biyu sun karye daga wuya, zobban da zare ke bi duk sun lotse. Ta Injiniya, da yake ta fi tsawo, bakinta ya hau matakalar gado, tsakiyarta a iska, nauyi ya sauka daidai nan. Gida uku ta yi. Zumar dabino ta tsatso da zafin rana ta manne gutsattsarin a jikin kafet.

Injiniya ya ɗauki mariƙin sandarsa, ya jujjuya, ya goge zumar da yatsa. Na shirya wa zagi, har na fi so ya zage ni. Sai ya dubi tsibin kwalayen ya ce, "Alhaji, dabinon dai ya iso lafiya ko?"

Na ce ya iso.

"To alhamdu lillahi. Ba a yi biyu babu ba."

Ɗaya daga cikin abokan ya ɗaura ƙugiya a zare ya yi ta jefawa da hannu daga kan dutse, har Allah ya ba shi wani ɗan kifi kamar tafin hannu. Mu biyar muka raba shi a kan shinkafa. Aka ba ni kai, wai ni ne babba. Aka buɗe kwali ɗaya aka cike ciki da dabino, kowa ya ci sai ya yaba, ya ce lallai Alhaji ya iya zaɓe. Ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba.

Bayan La'asar na ja Dakta gefe na ce zan biya komai, kuma zan rage masa a kuɗin motar. Ya ce maganar sanda ba komai, ana karya abu a sayi wani. Motar ma ta burge shi. Ya dubi ruwa, sannan ya ce, "Abin da ya tsaya mini, Alhaji, ƙarar nan. Ba ka duba ba ka ce kabad ne. Tun ranar da na fara zuwa ofishinka nake tambayarka ƙara iri-iri a motar nan, kowacce kana da amsarta a baki. Yanzu ban san wacce ka duba ba."

Na buɗe baki, ga amsa ta zo kamar kullum, na haɗiye ta.

Tun daga ranar, duk abu dogo siriri da zai shiga motata a bututu yake shiga, a rataye shi sama, ko da zan huda rufin da hannuna. Kuma in mai saye ya ce ya ji ƙara, tsayawa nake in sauka in duba, ko da na tabbata tsakuwa ce.

In aka haɗa lissafi, ribar dabino ta sayi sandunan Dakta biyu. Ta Injiniya har Jidda na je ban samu irinta ba, na saya masa wata da aljihuna, ya karɓa ya gode bai ce ta yi ko ba ta yi ba. Karafan ta ƙara watanni a ƙofar ofis, a ƙarshe wani mai raƙuma ya ɗauke ta ƙasa da yadda na saya. Dakta ya sayi tasa a hannun wani dillali, shi ya ci la'adar. Abin da ya saura a hannuna gaisuwa ce. Har yau in mun haɗu a masallaci yana amsawa da fara'a, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, amma bai sake tambayata ƙarar mota ba.